Yadda Ake Ƙara wa Tsohuwar A-kori-kura Mai Dizal Ƙarfi Ba Tare da An Kashe Injin Ba

Tambaya ɗaya ake ta maimaita mini, sunan motar ne kawai ke canzawa: "A-kori-kurata mai dizal ce, ta haura kilomita 300,000, ba a taɓa sauke injin ba, amma yanzu ta yi sanyi a hawa, in ta ɗauki kaya kuma sai ta riƙa nishi. Me zan sa mata ta ƙara ƙarfi?" Galibin masu tambayar sun riga sun yanke shawara a ransu. So suke kawai a ce musu su je a taɓa ƙwaƙwalwar motar, a sake mata lissafin mai, shi ke nan.

Taɓa ƙwaƙwalwa yana can kusa da ƙarshe a wannan jagorar, kuma da gangan na kai shi can. Ƙara wa injin dizal ƙarfi ba wuya, mai kawai za a ƙara masa. Sai dai ƙarin mai yana zuwa da ƙarin zafi da ƙarin matsi a cikin silinda, su kuwa sai sun lalubo wurin da ya fi rauni a motar. A wadda ta ci hanya wurin ba nisa: gasket ɗin da ya daɗe yana shan zafi, giyar da ta fara santsi ba ka lura ba, nozul ɗin da ke ɗigo. Saboda haka a bi matakan nan yadda suka zo, kada a ɗauko na tara a sa shi a farko.

1. Ka san injin da ke gabanka

Kafin komai, ka gano lambar injin, ba sunan motar kawai ba. Hilux ɗaya na iya zuwa da inji iri-iri, haka Ford ko Ram ko Chevrolet.

Idan injin ba shi da turbo tun daga kamfani, irin 3L da 5L na Toyota, shawarata ka tsaya a mataki na uku, ka gyara shi ya dawo hayyacinsa, ka bar shi haka. Matsin silindarsa ya kai wajen 22 bisa 1, ba a ƙera shi don a riƙa cusa masa iska da ƙarfi ba. Ana ɗaura masa turbo, ana kuma yawan fasa kan silinda ta wannan hanya.

Galibin masu turbo sun kasu kashi uku. Akwai mai tsohon famfon injekta na ƙarfe zalla, kamar Cummins 5.9 mai bawul 12 da famfon Bosch P7100 na shekarun 1994 zuwa 1998, wanda da sifana ake ƙara masa mai. Akwai na Ford 7.3 da 6.0, waɗanda baƙin mai ne ke matsa nozul ɗinsu, don haka lafiyar baƙin man ita ce lafiyar feshin. Sai na zamani masu bututun mai guda da ke raba wa dukkan nozul, ƙwaƙwalwa na sarrafa su: 1KD da 2KD da 1GD na Hilux, Duramax tun daga 2001, Cummins tun daga 2003, Ford 6.7 tun daga 2011.

Sannan ka faɗa wa kanka gaskiyar abin da kake so. Mai jan tirela ko ɗaukar kaya yana neman ƙarfin ja a tsakiyar totur da inji mai sanyi. Ga mota mai wannan shekaru, ƙarin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ya isa, kuma za ka ji shi a ƙafarka. Wanda ke neman ninka ƙarfin, maganar sake gina inji yake yi, ba wannan jagorar ba ce tasa.

Game da kuɗi: duk abin da ka ware, ka sa a ranka cewa fiye da rabi zai tafi a gyara da giya, abubuwan da ba a gani. Shi kansa tunin ɗin, wato taɓa ƙwaƙwalwar, yana cikin masu araha.

2. Gwajin lafiya

Wannan shi ne matakin da ke yanke hukunci, kuma shi aka fi tsallakewa. Kayan aiki: na'urar karanta ƙwaƙwalwa da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, gejin matsin silinda na dizal (na fetur ba ya ɗauka, fashewa zai yi), gejin matsin baƙin mai, famfon gwada lagireto, da kwalaben gwajin nozul. Ba sai ka saya ba, gareji mai aikin dizal yana da su.

Fara da wanda ba ya cin ko sisi. Injin ya yi zafi yana silo, ka kwance murfin baƙin mai ka kife shi a bakin ramin. Idan ya zauna yana ɗan rawa saboda girgizar inji, ba laifi. Idan iska tana ɗaga shi tana jefarwa, hayaƙi na fita fuf-fuf daidai da bugun inji, to zoben fistin ya saki, matsi na zurarewa ƙasa. Ɗan tururi kaɗan ba abin tsoro ba ne, kowane dizal yana yi. Bugun ne abin lura.

Sai gwajin matsi. Kowane inji da adadinsa a littafin kamfani, mafi yawa suna tsakanin 300 da 450 a ma'aunin matsi na psi. Amma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta. Idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, akwai magana.

Ka ɗebi baƙin mai kaɗan a tsakiyar juyewa, ba na farkon zuba ba, ka aika ɗakin gwaji. Takardar da za ta dawo tana faɗin abin da ido ba ya gani. Ƙarfe da yawa na nufin silinda na cinyewa. Tagulla da darma daga metal ɗin karanshaf suke fitowa. Silikon yawanci ƙura ce da ta tsallake filtar iska. Sodiyam da fotasiyam alamar ruwan lagireto ne ya shiga mai. Idan kuma an ga dizal a ciki, wani nozul yana zuba.

Lagireto a matsa masa iska a ga ko zai riƙe. A kuma gwada bakinsa da ruwan gwajin nan mai shuɗi; idan ya sauya launi, hayaƙin silinda na shiga ruwa, gasket ya fara tafiya ke nan. Wata alama mai sauƙi: da safe kafin a tayar da mota, ka matsa babban tiyon sama. Idan yana da tauri kamar an hura shi bayan ya kwana, matsi ne ya maƙale a ciki.

Gargaɗi: kada a taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Turbo kuma, a cire tiyon shigar iska, inji a kashe, a kama bakin sandar da yatsu biyu. Ɗan motsi sama da ƙasa yana halatta matuƙar fuka-fukan ba sa gogar bango. Motsi ciki da waje kuwa bai kamata ka ji shi ba sam. Duba fuka-fukan da tocila: idan bakinsu ya dakushe ko ya gutsure, ƙura ta ci su. Idan ka tarar da baƙin mai ya taru kwance a cikin bututun intakula, wato na'urar sanyaya iskar turbo, ba ɗan maiƙo ba, turbo na zubar da mai. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, domin injin dizal yana iya kama shan baƙin mansa ya yi ta gudu, ko an zare makulli ba zai tsaya ba sai an toshe masa iska.

Na ƙarshe nozul. A injin zamani ana haɗa kowanne da kwalba a ga yawan man da yake mayarwa; wanda ya cika kwalbarsa kafin sauran ya gaji. Na'urar karanta ƙwaƙwalwa ma tana nuna yadda motar ke ƙara wa wata silinda mai tana rage wa wata don ta daidaita silo. A Duramax, misali, idan lambar ta wuce 4 sama ko ƙasa mota na tsaye, ana zargin nozul ɗin.

Gargaɗi mai girma: matsin mai a bututun injin zamani yana kai 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi na bar, wani ma ya fi. Kada a sassauta bututu inji na aiki, kada a laluba yoyo da hannu. Man yana huda fata ya shige nama, kuma raunin na asibiti ne na gaggawa ko da ƙofarsa ba ta fi ta allura ba.

Idan injin ya faɗi gwajin matsi, ko na gasket, ko matsin baƙin mai ya yi ƙasa da na littafi in ya yi zafi, a nan tafiyar ta tsaya. Kuɗin ƙarin ƙarfin ya koma na gyara.

3. Biyan bashin gyara

Yawancin "ta yi sanyi" da ake kuka da shi ba tsufa ba ne, ƙarfin da motar ta zo da shi ne ya zube a hanya. A nan ake tsinto shi.

A canza filtar mai, ta iska da ta baƙin mai. A daidaita bawul idan injin mai buƙatar haka ne. A cire bututun shigar iska a leƙa: a motocin da ke da EGR, wato bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, toka da tururin mai suna haɗuwa su yi kauri a bango har hanyar ta tsuke, wani lokaci babban yatsa ma da ƙyar zai wuce. A cire shi gaba ɗaya a wanke a waje. Kada a kankare shi yana jikin inji, dattin silinda zai faɗa. A wanke ɗan sensan da ke auna matsin iska da feshin da aka yi dominsa, ba da waya ko tsinke ba.

Sai gwajin yoyon iska. A toshe bakin turbo, a hura iska kamar psi 15 zuwa 20, a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa da jikin intakula. Inda ya yi kumfa, nan ƙarfinka ke fita. Tsagewar da ba ta kai tsawon farce ba a tiyo tana iya sa mota hayaƙi da zafi da kasala gaba ɗaya.

Ɓangaren sanyaya inji a yi masa da gaske: lagireto a wanke ciki da waje, har tsakaninsa da intakula inda ganye da ƙura ke taruwa, famfon ruwa, kulocin fanka, tamostat. Kuskuren da aka saba shi ne cire tamostat a jefar wai don inji ya yi sanyi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa ba ya ƙone mai sosai, kuma ya fi saurin cinyewa. Idan injin mai bel ɗin taimin ne, kamar 1KD da 2KD da ake canza wa a kilomita 150,000, kuma ba ka da tabbacin yaushe aka canza, ka canza.

Kowane inji kuma da ciwon gidansu, a magance shi yanzu. A 1KD, wasan, wato ɗan zoben da ke ƙarƙashin nozul, yana yoyo, toka ta gangara ta toshe rariyar famfon baƙin mai. A canza wasan, a leƙa rariyar. A Cummins 5.9 na shekarun 1990 akwai wani ɗan ƙarfe a murfin gaba da ke zamewa ya faɗa cikin haƙoran taimin. Ana danne shi da ɗan faranti mai arha. A Ford 6.0 na'urar sanyaya baƙin mai ce ke toshewa. Idan zafin mai ya ɗara na ruwa da fiye da digiri 8 a ma'aunin Salsiyos ana tafiya a miƙe, ta toshe, kuma ita ke jawo mutuwar mai sanyaya EGR.

Bayan wannan ka hau motar na ɗan lokaci. Da yawa a nan suke cewa ya ishe su.

4. Geji kafin ƙarfi

Allurar zafin da ke gaban direba ruwa take aunawa, kuma ba ta motsawa sai aiki ya riga ya ɓaci. Abin da ke kashe dizal mai tunin shi ne zafin hayaƙi, wanda ake kira EGT, shi kuwa cikin daƙiƙoƙi yake hawa.

Geji huɗu nake so a gani: na zafin hayaƙi, na matsin iskar turbo, na zafin man giya idan otomatik ce, da na matsin dizal kafin ya shiga babban famfo. Idan kuɗin na ɗaya ne kawai, na hayaƙi.

A dasa bakin gejin kafin turbo, a jikin manifol ɗin hayaƙi. Wanda aka dasa bayan turbo yana nuna ƙasa da gaskiya da digiri 100 ko fiye, kuma tazarar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Iyakar da masu wannan aiki suka fi riƙewa ita ce kada a daɗe sama da digiri 650 zuwa 680 a ma'aunin Salsiyos. Fistin na alminiyam ne, alminiyam kuwa yana narkewa a wajen digiri 660. Abin da ke cetonsa shi ne baƙin man da ke fesa masa ta ƙasa da sabuwar iskar da ke shigowa kowane zagaye. Leƙawa sama na 'yan daƙiƙoƙi wajen wuce wata mota ba ya kisa. Zama a can tsawon hawan dutse da kaya shi ke kisa.

Gargaɗi wajen hudawa: garin ƙarfen da ya faɗa cikin manifol, fuka-fukan turbo zai bi. Mafi aminci a cire manifol ɗin a huda a kan benci. In ba hali, a shafa giris a bakin abin hudawa, a riƙa tsayawa ana gogewa, a ƙarasa da ɗan maganaɗisu a zaƙulo sauran.

Da an ɗaura gejin, kada a ƙara komai tukuna. Ka zaɓi hawa ɗaya da ka sani, ka hau shi da kayan da ka saba ɗauka, a giya ɗaya da gudu ɗaya, ka rubuta abin da kowane geji ya nuna. Da wannan takardar za ka auna duk abin da zai biyo baya.

5. Giya da kuloci

A mafi yawan a-kori-kura, giya ce ke fara mutuwa bayan tunin, ba inji ba.

Mai giyar hannu: ka sa giya ta sama a ƙaramin gudu, ka take totur sosai. Idan juyin inji ya tashi gudun mota bai bi shi ba, kuloci na santsi tun yanzu. A sa mai ƙarfin riƙo sama da na kamfani kaɗan. Kada a ɗauko na tsere mai kama-karya. Zai sa motar fizga, ya gajiyar da ƙafarka, ya kuma tura duka zuwa haƙoran giya. Tunda an riga an sauke giyabos, a duba fulayiwil, a canza boris ɗin kuloci da silin bayan karanshaf, ladan saukewa ɗaya ne.

Mai otomatik: a zaro ma'aunin man a shinshina. Ja mai haske lafiya. Baƙi mai ƙauri na nufin faifan ciki sun ƙone, tunin zai ƙarasa su. A sauke farantin ƙasa a duba maganaɗisun da ke ciki. Laushin toka-toka al'ada ce, ɓarɓashi mai ƙyalli ba al'ada ba ce. A canza mai da filta, a ƙara na'urar sanyaya man giya mai girma, a yi ƙoƙari zafin ya zauna ƙasa da digiri 100. In ya riƙa kai 120, man lalacewa yake da sauri.

Kada a yi wa tsohuwar giyar da ba a taɓa canza wa mai ba wankin inji mai matsi. A juye a zuba sabo kawai.

Giyoyin 47RE da 48RE da 68RFE na bayan Cummins an san su da rashin jure ƙarin ƙarfi. Allison 1000 ta Duramax ta fi su ƙwari, amma ita ma in faifanta suka yi santsi sai ta kulle kanta a giya ɗaya don kare kai. Idan burinka ya wuce matsakaicin tunin, sai an canza tok-kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giyar otomatik, an kuma ƙarfafa cikin giyar, kuma wannan shi ne mafi tsada a duk jerin nan.

6. Hanyar mai

Babban famfo da dizal yake sanyaya kansa, da shi kuma yake samun santsi. In man da ke zuwa masa ya yi kaɗan, yana cin kansa. Misalin da kowa ya sani shi ne famfon VP44 na Cummins daga tsakiyar 1998 zuwa 2002: ƙaramin famfon da ke turo masa mai daga tanki yana raunana a ɓoye, shi kuma ya mutu. Ana so matsin ya tsaya sama da psi 10 ko an take totur. Duramax na 2001 zuwa 2016 ma ba su zo da ƙaramin famfon ba sam, babban ne ke zuƙo mai da kansa, shi ya sa ake ƙara musu.

Famfon CP4 da ke Ford 6.7 da Duramax na 2011 zuwa 2016 yana da mummunan suna: in ya lalace, garin ƙarfe yake watsawa cikin nozul da bututu da tanki, sai an canza kusan komai. Ruwa da datti a mai su ne manyan abokan gabarsa. Ƙarin filta mai raba ruwa da mai, da wata mai tace ƙanana har maikron 2 zuwa 5, kuɗinsu bai kai na nozul ɗaya ba.

Nozul ɗin da ya faɗi gwaji a mataki na biyu a canza shi da irin na kamfani, a kuma shigar da lambarsa cikin ƙwaƙwalwa idan injin na buƙata. Nozul mai ɗigo yana zuba wuta wuri ɗaya a kan fistin har ya tsage ko ya huje, tunin kuma yana gaggauta hakan.

7. Iska, shiga da fita

Nan ne aka fi ɓarnar kuɗi. Akwatin filtar iska na kamfani, da sabuwar filtar takarda, ya isa matsakaicin tunin. Filtar auduga da ake shafa wa mai tana barin iska ta wuce, tana kuma barin ƙura mai laushi ta bi ta, man nata kuma yana ɓata sensan iska. Wadda aka bari tsirara a cikin bonet kuwa iska mai zafi take zuƙa. Ƙara kawai za ka samu.

Abin da ke aiki shi ne intakula mai kyau, da tiyon silikon da maɗauri masu noti a madadin tsofaffin da suka yi laushi. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana ƙone mai sosai, zafin hayaƙi ya sauka.

A tsofaffin motocin da ba su zo da matatar toka ba, faɗaɗa bututun da ke fita daga turbo da salansa zuwa inci 3 a ƙananan injuna, ko inci 4 a manya, yana sauke zafin hayaƙi, turbo kuma ya riƙa tashi da wuri. A motar da ke da DPF, wato matatar tokar, canza bututun da ke bayan matatar ba ya ƙara komai sai kyan gani.

Za a ba ka shawarar cire DPF da EGR gaba ɗaya. Ka binciki dokar inda motar ke aiki kafin ka saurara. A Amurka laifi ne a dokar tsaftar iska ta tarayya, kuma hukumar kare muhalli ta EPA ta ci tarar kamfanoni da garejin da ke wannan aiki. A Birtaniya tun 2014 motar da aka cire wa DPF ba ta cin gwajin shekara. Ban da doka, tokar dizal huhun mutane take shiga. DPF da ya toshe ana wanke shi ko a canza.

8. Kusoshin kan silinda

Ba kowa ke buƙatar wannan ba. Cummins da Ford 7.3 suna da kusoshi shida kewaye da kowace silinda, suna jure matsakaicin ƙari. Ford 6.0 huɗu gare shi, kuma irin masu miƙewa ne in an ɗaure, shi ya sa gasket ɗinsa ya yi ƙaurin suna. A wannan injin ba na ba da shawarar tunin sai an sa kusoshi masu ƙarfi irin na ARP. Aiki ne babba, sau da yawa har ɗaga kan motar ake yi daga shasi, ladan aikin ya fi kuɗin kayan.

In an buɗe, a kai kan silinda a auna lanƙwasa a kuma gwada tsagewa. A ɗaure da sifana mai awo, bisa jerin da littafi ya nuna, mataki-mataki, da man shafawar da ya zo da kusoshin. Man daban yana ba da ɗauri daban ko da sifana ta nuna lamba ɗaya.

9. Tunin

Yanzu aka zo wurin. Hanya uku ce. Akwai ɗan akwatin da ake sokawa tsakanin sensa da ƙwaƙwalwa. Masu arha a cikinsu ƙarya kawai suke yi wa ƙwaƙwalwa cewa matsin mai ya yi ƙasa don ta ƙara, tsofaffin nozul da famfo su sha wahala. Akwai na'urar hannu mai shiryayyun matakai. Sai kuma a kai wa gwani ya rubuta lissafi don motarka ita kaɗai, a kan na'urar daino mai auna ƙarfi a taya, kafin da bayan aiki. Ga tsohuwar mota na fi son na ukun, domin shi ne ke la'akari da gajiyar injin.

Ka tambayi mai aikin abu uku: nawa zafin hayaƙi zai kai da kaya, shin zai bar iyakokin kariya na kamfani a kunne, kuma zai ba ka kwafin lissafin asali? Wanda ya amsa da adadin dawakan ƙarfin inji kawai, ka nemi wani.

Ranar aikin a haɗa batir da caja mai riƙe wuta daidai, a kashe fitila da rediyo da fanka, kada a taɓa makulli ko waya sai an gama. In wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwar na iya mutuwa ɗungurum.

Ka roƙi a tausasa ƙarfin a ƙasan totur. Ƙarfi mai yawa a ƙaramin juyi yana da daɗi a ƙafa, amma shi ke lanƙwasa sandar fistin, ya ɗaga gasket, ya cinye kuloci. Haka gaggauta lokacin feshi fiye da kima. In ka ji injin ya koma ƙwanƙwasa mai kaifi, an wuce gona da iri. Idan otomatik ce kuma ana iya taɓa ƙwaƙwalwar giyar, a daidaita ta tare.

Kada a haɗa akwati da tunin a mota ɗaya, kowanne bai san da ɗan'uwansa ba. Baƙin hayaƙi kuma ba shaidar ƙarfi ba ce, man da ka saya ne ke fita bai ƙone ba, yana tafe da zafi. Tunin mai kyau ɗan dishi-dishi yake yi in an take, ya washe nan da nan.

A tsohon famfo na ƙarfe ƙa'idar ɗaya ce: a ƙara kaɗan, a yi alama inda aka taso, a gwada, sannan a sake.

Ka sanar da kamfanin inshora. A ƙasashe da dama ɓoye irin wannan canji yana ba su hujjar ƙin biya in an yi haɗari.

10. Gwaji a hanya da kulawar bayan aiki

Koma hawan nan na mataki na huɗu, da kaya iri ɗaya, ka kwatanta da takardarka. In zafin hayaƙi ya doshi iyaka, kada ka ƙara take totur a babbar giya; sauko giya ɗaya, juyin inji ya tashi, iska ta ƙaru, za ka ga allurar ta sauka. Jan kaya a babbar giya inji na gurnani a ƙasa shi ne hanya mafi sauri ta dafa fistin.

Birki da taya da shokazoba su ma a duba su, a canza man birki in ya daɗe. Ƙarin ƙarfin inji bai ƙara ko kilo ɗaya a nauyin da kamfani ya halatta wa motar ɗauka ko ja ba. Manyan tayoyi kuma suna cinye ƙarfin da ka saya, suna ƙara wa giya zafi.

Daga yanzu a rage tazarar juyen baƙin mai, domin toka za ta ƙaru a cikinsa, a sake aika shi gwaji a juye na farko a kwatanta da na baya. Bayan doguwar tafiya ko hawa, a bar injin ya yi silo minti biyu zuwa uku, ko har gejin hayaƙi ya sauko wajen digiri 200, kafin a kashe, don kada mai ya ƙone a cikin turbo. Da safe kuma kada a take shi sai ya ɗumama.

Babban turbo da manyan nozul ban sa su a jerin ba. A injin da ya yi wannan nisa, sai in za a sake gina shi daga ƙasa.

A makonnin farko ka riƙa buɗe bonet kullum. Ruwa ya ragu ba ka ga inda ya zuba ba, ko ka ga farin busasshen tabo kewaye da murfin tankin ruwa, ko baƙin mai ya ƙaru a ma'auni maimakon ya ragu, ko giya ta fara jinkirin kamawa, ko farin hayaƙi da safe ya ƙi ɗaukewa: ko ɗaya daga ciki ka gani, a mayar da lissafin asali a ranar, a koma mataki na biyu a sake gwaji.